Igiyar da Baba Ya Ba Ni Aro

Jami'ar kwastan da ta tare ni a filin jirgin Kuala Lumpur ba ta kai kafaɗata ba, amma da ta ɗaga yatsa ɗaya sai na tsaya cak. Ta nuna akwatina, ta nuna wani teburin ƙarfe, na kinkima na ɗora. Akwatin nan kuwa abin kallo ne. Kowa a layin yana jan nasa mai taya yana sheƙi, nawa an zagaye shi da igiyar rama, an yi masa ɗauri irin na buhun gero da za a aza wa jaki. Tun daga Kano nake jin kunyarsa.

Baba ne ya ɗaure shi. Mahaifina, Malam Garba, manomi ne a Kibiya, amma an fi saninsa da tufkar igiya. Rama yake shukawa a gefen gonar gero, ya yanke ta, ya jiƙa a kududdufi har ɓawon ya saki, ya wanke, ya shanya, sannan ya zauna a zaure yana murzawa a cinya. Ba ya fashin kasuwar Kibiya, ba ya fashin ta Rano. Yana da wata ɗabi'a da muka taso muka tarar: igiya yana sayarwa, yana kyauta da ita, amma wadda zai ɗaure wa ɗansa kaya da ita in zai yi tafiya, wannan aro ce. A bangon zaure akwai ƙusoshi, kowane ɗa da tasa. In ka tafi, ƙusarka ta zauna ba komai. In ka dawo, kafin ka sha ruwa sai ka kwance igiyar ka miƙa masa, ya duba ta, ya rataye. Yayana Sale ya taɓa dawowa daga ci-rani a Legas ya ce tasa ta ɓata a mota. Baba bai yi faɗa ba, amma an daɗe yana amsa gaisuwar Sale a daƙile.

Da na samu gurbin karatu a Maleshiya, na zauna na yi masa bayanin abin da zan je koyo. Na ce akwai roba da ake yi da sitacin masara ko na rogo, ba da man fetur ba. Ana jan ta ta zama zare mai kaurin taliya, a saka wa wani inji, shi kuma ya riƙa narka zaren yana gina abu layi bisa layi har ya fito da siffar da aka ba shi. Matsalar robar ita ce saurin karyewa, shi ya sa ake neman gauraya ta da garin zaren tsiro don ta yi ƙwari.

Baba ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To ashe igiya za ka je koyo, Nafi'u. Da ka zauna ai da na koya maka ba ko sisi."

Ya tashi ya ɗauko dami guda na zaren ramarsa, fari tas, ya cusa a akwatin. Ya ce, "Ka yi wani abu da ramata ka kawo mini in gani." Da ya gama ɗaure akwatin kuma ya ja ƙullin ya ce, "Wannan aro na ba ka."

Damin nan shi jami'ar kwastan ɗin ta fara zarowa. Ta shinshina, ta kira wani abokin aikinta, suka yi magana da yarensu. Ta ce mini ba a shigo da ɗanyen tsiro ƙasarsu ba takarda. Na ce ba ɗanye ba ne, busasshe ne, na karatu ne, na mahaifina ne. Duk Turancin da na tara a Kano na zazzage mata. Ta jefa shi a wani kwandon shara mai murfi, ta bi shi da busasshiyar ramar miya da daddawar da Umma ta ƙulla mini. Igiyar kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Da ta ga na kasa mayar da ɗaurin ni kaɗai, ita ta danne mini ƙullin da yatsanta har na ja.

Zangona na biyu wani ɗan ƙasarmu ne ya shirya mini shi, Allah ya shirye shi. Tun ina gida muke waya, ya ce ya kama mini ɗaki kusa da makaranta, a wani gari na bakin teku can gabashin ƙasar, na tura masa abin da ya nema. Na yi doguwar tafiya a bas, na sauka, na bi kwatancensa, sai ga ni a gaban shagon gyaran babura. Mai shagon bai taɓa jin sunansa ba, wayarsa kuma a kashe. Na shiga neman ɗaki da kaina. In na kira a waya a ce akwai, in na je aka ga fuskata a ce yanzun nan aka kama. Wani mai gida ma bai ɓoye ba, ya ce ba ya ba 'yan Afirka. Ni da ko a makarantar allo ake ce mini mai zuciya, ranar na haɗiye maganganu da yawa, don ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

A masallacin makaranta na yada zango na 'yan kwanaki, akwati a matsayin matashi. A nan wani dattijo mai kula da injinan sashenmu ya gan ni. Sunansa Rahim, amma kowa Pacik yake ce masa, wato kawu. Bai tambaye ni komai ba. Ya tsuguna ya taɓa igiyar, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ɗaga mini babban yatsa. Da la'asar ya goya ni a babur, akwatin a cinyata, ya kai ni wani ɗan ɗaki a bayan gidan ƙanwarsa. Na kwance igiyar na ɗaura ta daga taga zuwa ƙofa, ta zama wurin shanyata.

Ƙasar nan ruwa ne da ita kamar ba za a daina ba. Riga ta kwana biyu a shanye ba ta bushe ba, takalmi ya yi funfuna, gishiri ya narke a kwalba. Mutanen kirki ne da yawansu, sallarsu sallarmu, amma shinkafa safe, shinkafa rana, kuma komai sai an sa masa sukari, har miyar kifi. Na yi kewar tuwon dawa har ina jin haushin kaina. Na yi kewar a kira sunana daidai. Abin da na fi kewa shi ne ƙarar tafin Baba a kan cinyarsa in yana tufka, ƙarar da a da nake cewa tana hana ni karatu.

Duk Juma'a nakan kira ƙanwata Hadiza, ta kai masa wayar zaure. Tun kiran farko na gaya masa an ƙwace damin. Ya ce, "Su ma suna tufka ne a can?" Na ce a'a, ƙonawa za su yi. Ya ce, "Allah ya kyauta. Igiyar fa?" Na ce tana nan. Daga ranar duk hirarmu da wannan take ƙarewa. Zai tambayi karatu, ya tambayi sallah, sannan ya ce, "Igiyar fa?"

Aikin kuwa ya gasa mini aya a hannu. Shugabata wata Farfesa ce mai sanyin murya, wadda ba ta taɓa ɗaga mini harshe ba, amma in ta ce "sake" sai ka gwammace zagi. A can ma rama suke amfani da ita, ashe noma ta suke yi gona-gona don masana'antu. Mukan wanke zarenta da ruwan soda, mu busar a tanda, mu niƙa, mu tankaɗe, mu gauraya da ƙwayoyin robar sitaci, mu zuba wa injin da ke fitar da zare kamar injin taliyar Hausa. In garin ya yi yawa, bakin injin ginin ya toshe. In bai niƙu ba, zaren ya fito da ƙuraje. In damshi ya shige shi, wanda a ƙasar nan kullum ne, sai ya riƙa tartsatsi yana fitar da kumfa, ka ɗaga shi ya karye a hannunka. Watanni na yi ina kwashe karyayyen zare ina zubarwa. Garin rama yana sa robar ta yi tauri, amma taurin nan shi ke ƙara mata saurin karyewa. Sai da muka fara ɗiga mata wani mai da ake sarrafawa daga manja kafin ta fara lanƙwasuwa ba ta ɓalle ba. Ranar da na naɗe zare a yatsana bai karye ba, Pacik ya saya mini shayi mai kumfa, Farfesa kuma ta ce, "Ba laifi. Sake."

Wata Asabar Pacik ya ce in hau babur. Muka bar gari, muka ratsa gonakin kwakwar manja, sai ga ni a bakin gonar rama iya ganina, ta fi ni tsawo, da furenta mai jan ciki irin na gefen gonarmu sak. Na tsinki ganye na tauna. Tsamin nan ya bugi haƙorana, sai kawai hawaye. Mai gonar ya tambayi Pacik ko lafiya, da aka gaya masa a garinmu cin ganyen ake yi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi awaki yake ba wa. Ya cika mini leda biyu. Na dafa, na daka soyayyiyar gyaɗa a madadin ƙuli-ƙuli, na yi kwaɗo na kai wa Pacik da ƙanwarsa. Suka ci loma ɗai-ɗai don kara, suka sha ruwa da yawa. Ni na cinye sauran a ƙarƙashin igiyar shanyata.

A shekarata ta biyu, ana tsakiyar damina a gida, Hadiza ta kira ni ranar da ba Juma'a ba. Ta ce Baba ya faɗi a gona, an kai shi asibitin Rano, daga nan an wuce da shi Kano. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na ce zan taho. Umma ta karɓi wayar ta ce, "Ka taho ka yi masa me? Kai likita ne? Ka gama abin da ya kai ka." Fasfona ma a lokacin yana hannun hukuma ana sabunta mini izinin zama. Na zauna, kuma ban ɓoye wa kaina ba, na ji sauƙi da aka ce in zauna.

Allah ya sa ya tashi. Ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda, maganar ma ta dawo da ɗan nauyi. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule suka shige tafi, har farce yana ji masa ciwo. Ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibiti ta ce yana buƙatar abin da za a ɗaura masa ya riƙe yatsun a miƙe, kamar karan ɗori, in ba haka ba za su ƙage a haka. Wanda suka samo a Kano ya yi masa girma, yana goge masa fata, ya cire ya yar. Da na ji muryarsa karon farko bayan ciwon, kalmomin suna fita da ƙyar, amma sai da ya kai ƙarshe.

"Igiyar fa?"

"Tana nan, Baba."

A wannan tsakanin ne Farfesa ta kira ni ofis. Ta ce aikina ya yi kyau, in na so in zarce digiri na uku a wurinta, wasu shekaru uku ko fiye, da alawus. Yaron da ya kwana a masallaci da akwati mai igiya aka yi wa wannan tayi. Na ce ina so, tun kafin ta rufe baki. Na fito ina tafiya kamar ba a ƙasa ba, na shiga ɗaki, kaina ya bugi igiyar shanya.

Na daɗe ina kallonta. Ta yi duhu, damshi ya yi mata ɗigo-ɗigon baƙi. Baba ya ce in yi wani abu da ramarsa, ramar tasa kuma da ta rage a ƙasar nan ita ce wannan. Ya ce in mayar masa da igiyarsa, ga shi kuma ba ranar komawata. Sai wata dabara ta faɗo mini, na ji na fi kowa wayo: in niƙa igiyar, in yi zare da ita, in gina masa abin hannun, in aika. Ya ga aikin ramarsa, aronsa ya koma, hannunsa ya samu magani, ni kuma in zauna in yi karatuna da kwanciyar hankali.

Pacik bai so ba. Ya juya igiyar a hannunsa ya ce tsohuwa ce, ta sha damshi, ramar da ke ɗakin gwaji ta fi ta kyau nesa ba kusa ba. Na ce na sani. Ya ce, "In ta shiga injin niƙa ba ta fitowa." Na ce wannan ma na sani. Ya miƙo mini almakashi ya fita, ya ce zai je shan shayi.

Warware ta ya fi yanka ta wuya. Duk inda na buɗe murɗin sai in ga inda Baba ya saƙa sabon zare cikin tsoho, ba ka gane mahaɗar sai ka warware. Na wanke, na busar, na niƙa, na tankaɗe. Igiyar da ta zagaye akwati ta koma ɗan gari a gindin kwalba. Zaren da ya fito ruwan ƙasa ne, kuma da injin ya fara narka shi sai ɗakin ya ɗauki ƙanshin kara da aka sa a wuta. Hadiza ta auna mini hannun da tef ɗin tela ta turo hotuna. Na gina abin a shimfiɗe, falle ɗaya mai huji-huji don iska ta shiga. Amfanin robar nan shi ne in an tsoma ta a ruwan zafi takan yi laushi, a ɗora a hannu a danna, in ta huce ta riƙe siffar hannun. Na koya wa Hadiza a waya har ta ce, "Yaya, na gane, ba jaka ba ce ni."

Akwai wani Alhaji Mudi, mutumin Rano, da yake zuwa Kuala Lumpur saro kayan waya. Na hau bas na kai masa. Na ce ya miƙa wa Baba hannu da hannu, ya ce masa ga igiyarsa na dawo da ita.

Juma'ar da ta biyo bayan isarsa Hadiza ta ce an yi yadda na ce, ya zauna daram, yatsun sun fara saki, har ya riƙe carbi. Na ce a ba shi wayar. Ta ce yana hutawa. Juma'a ta gaba yana masallaci. Ta gaba kuma ya karɓa, ya tambayi karatu, ya tambayi sallah, ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa mata wayar. Bai ce igiyar fa ba. Na ce wa kaina ai magana ta ƙare ke nan, abin da nake so ya samu. Amma ranar ban iya cin abinci ba.

Bayan wata biyu Alhaji Mudi ya dawo saro, ya kira ni ya ce in zo akwai saƙo. Na same shi a wani gidan abinci na Larabawa yana fama da cinyar kaza. Ya goge hannu, ya zaro wani ƙunshi daga jaka ya ajiye a gabana.

"Kai Nafi'u, tsohon nan naka rigimamme ne. Na ce masa Malam, wannan fa magani ne. Ya ce ya sani."

"Me ya faru, Alhaji? Bai yi masa daidai ba ne?"

"Daidai kai! Da idona na ga yana motsa yatsu. Ranar da na je sallama ne ya sa ƙanwarka ta zauna, ya tambaye ta yaushe za ka dawo. Ta ce ai an ƙara maka shekaru. Ya ce ta cire masa. Uwarku ta yi magana, yayanka ya yi magana, ni ma na sa baki." Ya kurɓi ruwa. "Ya ce in gaya maka aikin ya yi kyau, ya ga ramarsa. Amma ya ce ba ni Mudi ya ba wa aro ba."

Na jawo ƙunshin. Tsohon zanen Umma ne, an ɗaure shi da wata 'yar igiya da ba ta fi kamu biyu ba. Ban taɓa ganin mummunar tufka irinta ba: nan kauri, nan siriri, zare ya tsattsaya ta ko'ina. Ko yaron da ya fara koyo ba zai kai ta kasuwa ba.

Alhaji Mudi ya ce, "Da hagu ya murza ta, ƙanwarka tana riƙe masa bakin. Kwana da kwanaki, in ji ta. Ya ce wannan ma aro ce."

Na kwance a hankali don kada ta tsinke. Abin da na aika a shimfiɗe ya dawo a lanƙwashe, da kwarin tafi, da gurbin kowane yatsa, gefensa ya yi duhu da gumi. Na zura hannuna ciki. Bai shiga ba. Hannun da na sani yana rufe nawa ruf in mun gaisa, yanzu gurbinsa ya yi mini kaɗan.

Alhaji Mudi ya tura mini farantinsa ya ce in ci, ya juya yana kallon titi har na gama share fuskata.

Da na koma na je wurin Farfesa na ce ina neman ta ɗaga mini, zan je gida, kuma ban san ranar dawowa ba. Ta ce gurbin ba zai jira ni ba, akwai masu nema. Na ce na sani. Sai ta ce in gaishe da mahaifina. Har yau ina tuna ofishin nan, don ina son aikin nan, kuma na iya shi.

Pacik ne ya goya ni zuwa tashar bas, akwatin a cinyata kamar ranar farko. Abin hannun yana cikin jakar da na rataya a ƙirji, don kada zafin bayan mota ya narkar da siffar. Hadiza ta ce yatsun sun fara komawa, in yi sauri. Igiyar ba ta isa ta zagaye akwatin ba, ko rabinsa ba ta kai ba, sai na ɗaura ta a mariƙi. Pacik ya danne mini ƙullin da yatsansa, na ja a hankali.